Na bar sigari amma mutanena ba su bar ni ba: tambayoyi da amsoshi

Abokaina sai dariya suke yi min tun da na ce na daina. Me zan ce musu?

Ka ce "na daina", ka ja bakinka ka yi shiru. Ba gaban alƙali kake ba.

Wani ya miƙo min kara, wai zuƙa ɗaya ba ta komai.

Wannan tambayar ta ishe ni. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin, sinadarin da ke sa jarabar sigari, ke isa ƙwaƙwalwa, kuma da shi ne kake fama ka raba ta. Sha'awar kan taso ta lafa cikin 'yan mintoci. Tashi ka ba su wuri har ta wuce.

Mijina na sha a cikin gida, kuma ba shi da niyyar bari. Yaya zan yi?

To, nan ne gizo ke saƙar, kuma amsar ta danganta da halin mutumin. Kada ki sa shi gaba da wa'azi. Mai shan da aka matsa wa yakan ƙara ƙanƙame kwalinsa ne. Ki nemi ƙananan abubuwa da zai iya yi ba tare da ya ji an ci masa fuska ba: ya fita waje in zai kunna, ya daina barin kwali da ashana a kan tebur inda idonki zai faɗa kansu da sassafe. Wani zai yarda nan take, wani sai an sha maimaitawa, wani kuwa zai ɗauka raini ne. In na ƙarshen ne naki, ki bar batun kanki ki kawo na yara, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin da na kusa ke shaƙa, komai ƙanƙantarsa, yana da illa. Ko hakan ba lallai ya ci ba. Idan warin na neman mayar da ke, ki ga likita kan cingam ko filastar nikotin.

Suna cewa na zama masifaffe.

Gaskiyarsu. Kwana 3 na farko sun fi zafi, abin kan sassauta cikin mako 2 zuwa 4. Amma wannan ba lasisin yi wa iyalinka tsawa ba ne, malam. Ba su haƙuri.

Sun ce ai na saba dainawa ina komawa.

To sai me? Yawancin waɗanda suka bari ba a karon farko suka dace ba. Kwantar da hankalinka.

In yanke hulɗa da su ke nan?

A'a. Ka guje su a lokacin da suke kunnawa, na wata ɗaya haka. Wanda ya ci gaba da hura maka hayaƙi a fuska da gangan, shi kam ka rage zama da shi.