Rukuɓun da muke tugewa a gona abinci ne

Da damina ta kankama, rukuɓu yakan cika bayan gida da duk gonar da ta sha takin gargajiya. Wasu na ce masa zaki-banza. Manomi ya sa fartanya ya kafce shi ya watsar, da yamma kuma a aiki yaro kasuwa ya sayo alayyahu, alhali dangi ɗaya ne. Ganyensa na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da ya wuce wata 6 duk suna bukatar waɗannan, ga su kuma kyauta.

A tsinke shi yana ɗanye shakaf, mako 3 zuwa 4 da fitowa, kafin ya yi kai. In ya yi fure ganyen yakan yi tauri. Akwai ɗan'uwansa zarangade, shi ma ana ci, sai dai a lura da ƙayar da ke gindin kowane ganye.

Wurin tsinka shi ne abin da ya fi damunmu. Kada a ɗebo na juji, ko na bakin kwata, ko na gefen titi, domin tsiron yana zuƙar dattin ƙasar da ya fito a kai. Gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa kuwa, a bar ta sam.

A kicin ma ana yin asara. A wanke tukuna sannan a yanka, don in an yanka aka jiƙa, amfanin yakan bi ruwa. A daina sa masa kanwa. Tana sa shi kore shar, gaskiya ne, amma tana lalata bitamin ɗinsa. Minti 5 a wuta ya wadatar, ko a miya ko a fate. In kwaɗo za a yi, a sa ƙuli-ƙuli, da ɗan mai don jiki ya iya ɗaukar bitamin A, a yanka tumatir, a matsa lemun tsami don ƙarfen ya shiga jini. Shayi a jinkirta shi kamar awa 1 bayan cin abinci, domin yana hana ƙarfen shiga jini.

Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya tafasa ya zubar da ruwan farko, kuma ya rage yawan ci. Na ajiyar rani a shanya shi a inuwa kan tabarma mai tsabta, in ya bushe ƙayau a zuba a mazubi mai murfi.