Zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunuka

Zaftarewar dusar ƙanƙara ita ce ɓallewar ƙanƙarar da ta taru a jikin tsauni, ta gangaro ƙasa gaba ɗaya. Da hunturu aka fi ganinta, musamman a tsaunukan Alps na Turai, da Rockies na Amurka da Kanada, da Himalaya. Takan afka wa gari, kamar yadda ta yi a ƙauyen Galtür na ƙasar Ostiriya ranar 23 ga Fabrairun 1999, inda mutum 31 suka rasu. Amma a ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda ta fi ritsawa da su a yau masu zamiyar ƙanƙara ne da mahaya tsauni, waɗanda kan nausa can inda babu masu kula da hanya.

Haɗarin a ƙarƙashi yake, inda ido ba ya kaiwa. Ƙanƙarar hawa-hawa take taruwa, kowace zuba da irin shimfiɗarta. A daren da sama ta washe, sanyi ya tsananta, raɓa kan daskare a samanta ta zama ɓarɓashi mai kama da gashin tsuntsu. Idan sabuwar ƙanƙara ta binne shi, sai ya zama shimfiɗa mara ƙwari da kan yi makonni ba ta kame ba. Iska kuma takan kwaso ƙanƙara daga ɓangaren da take bugawa, ta jibge a ɗaya ɓangaren har ta dunƙule ta zama falle mai nauyi. To, falle irin wannan in ya hau kan gindi mara ƙarfi, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinka shi. Shi ya sa a mafi yawan haɗurran, wanda abin ya binne ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Wani lokaci mai tafiya kan ji wata ƙara "wuf" daga ƙasa, ƙanƙarar ta ɗan lotsa, tsaga ta ruga daga ƙafarsa.

Gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ce ta fi ɓallewa.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin haɗari guda mai matakai biyar, kuma SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke garin Davos, ce ke fitar da hasashen Suwizalan. Abin lura, a mataki na 3 aka fi asarar rayuka, domin a na 4 da na 5 yawanci tsoro kan hana mutane fita.

Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu. Bayan haka numfashi ke ƙare masa. Ƙanƙarar da ta zaftare kan daskare kamar siminti da zarar ta tsaya, ko hannu mutum ba ya iya motsawa. Don haka kowane matafiyi kan rataya na'urar aika sigina da ke nuna inda yake idan ƙanƙara ta binne shi, ya riƙe doguwar sandar lalube da shebur, saboda kafin masu ceto su iso daga gari, abokan tafiya ne kaɗai ke kusa.