Kalmar "sanction": amincewa ce ko takunkumi?

Tambaya: A labarai kullum "takunkumi" ake fassara ta. Yaya kuma aka ce tana nufin amincewa?

Duka biyun daidai ne, kuma nan masu fassara kan yi tuntuɓe. In Bature ya rubuta "The board sanctioned the payment", hukumar gudanarwa ce ta ba da izini a biya kuɗin. Amincewa ce irin ta mai iko, wadda ake sa wa hannu a buga hatimi. Shi ya sa ba a cewa uwa ta yi "sanction" don ta bar ɗanta ya je kallon ƙwallo. Kalmar ta yi wa wannan nauyi.

Tambaya: To ta yaya kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana da kishiyarta?

Asalinta Latin ne, daga "sancire", wato tsarkake abu ko tabbatar da shi ya zama doka. Doka kuwa baki biyu gare ta: tana halatta abu, tana kuma tanadar hukunci ga wanda ya keta ta. Turanci ya gaji duka biyun. A matsayin aikatau, ma'anar amincewa ce ta riga, tun ƙarni na 18. Ta hukuntawa sai a ƙarni na 20 ta bazu, har ta kusa danne yayarta a jaridu.

Hausa ta huta da wannan ruɗani. Takunkumi abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne, ba mai jin sa ya zaci izini aka bayar.

Tambaya: Yaya zan gane wadda ake nufi?

Dubi abin da ya biyo bayanta. In aiki ne ko shiri ko kashe kuɗi, galibi amincewa ce. In mutum ne ko kamfani ko ƙasa, hukunci ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, jaridun Turanci sun yi ta cewa ECOWAS "sanctioned Niger", kuma mutanen Maraɗi da Birnin Ƙonni sun ga ma'anar da idonsu: an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin. Da a ce "sanctioned the coup" aka rubuta, da zance ya juya gaba ɗaya, ya zama ƙungiyar ta albarkaci juyin mulkin.

Haka "state-sanctioned" na nufin da yardar gwamnati, "unsanctioned" kuma ba da izini ba.

Tambaya: Ni ɗalibi, in riƙa amfani da ita?

In izini kake nufi, ni dai "approve" zan ce ka rubuta, ko "authorise". In yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe, "ratify" ta fi dacewa.