Awon zangon makami a wasannin yaƙi na kan tebur

Awon zango shi ne yadda ake gano ko makamin ɗan mutum-mutumin soja zai kai ga abokin gaba a wasannin yaƙi da ake bugawa a kan tebur. Dokar wasa tana ba kowane makami iyakar nisan da zai ci, galibi da inci, sai ɗan wasa ya miƙa tef ko rula ya auna. Wanda ya wuce iyakar ko da da kaurin gashi ne, harbi bai same shi ba.

Tarihi

Wasannin farko ba su bukaci awo ba. Wanda Johann Hellwig ya ƙirƙira a Jamus a 1780 a kan allo mai gida-gida yake, kamar dara, gidaje kawai ake ƙirgawa. Awo ya shigo ne da wasan Kriegsspiel na sojan Purusiya, wata tsohuwar masarauta a Jamus. A tsarin da hafsan soja Reisswitz ƙarami, ɗan wanda ya ƙirƙiri wasan, ya fitar a 1824, an koma amfani da taswirar ƙasa ta gaskiya, inda taku ɗaya a takarda ke wakiltar 8,000 a fili. Hafsoshi kan auna tazara da rula da kamfas ɗin awo mai ƙafa biyu, a lissafa da takun ƙafa, alƙalin wasa kuma ya duba ko igwa ta kai.

A Ingila, marubuci H. G. Wells ya buga dokokinsa na Little Wars a 1913. Shi bai damu da lissafin zango ba, domin igwoyin wasan yara masu sifirin ake harbawa, sojan da aka kayar ya mutu ke nan. Tafiya ce ake aunawa da igiya: ƙafa ɗaya ga sojan ƙasa, biyu ga mahaya dawaki. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙwayar ludo ta maye gurbin harbin zahiri a yawancin dokoki, daga nan tef ya zama kayan aikin da ba a zama wasa sai da shi.

Daga ina ake aunawa

Nan ne mafi yawan gardama take. Akan liƙa kowane soja a kan ɗan faifai, kuma dokar da ta fi yaɗuwa ita ce a auna daga bakin faifan mai harbi zuwa bakin faifan wanda ake nufi, ta wajen da suka fi kusa. Ba a la'akari da tsinin mashi ko hannun da ya miƙe, don kada wani ya ƙera sojansa da doguwar bindiga ya ci ribar inci guda. A Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop, wanda ya fara fitowa a 1987, bindigar sojan da aka fi sani tana cin inci 24, ƙaramarta ta hannu kuma 12. Tankokin yaƙi da ba su da faifai sun daɗe ana auna musu daga bakin bindiga, kafin bugu na 8 na dokokin wasan a 2017 ya mayar da awon jikin motar.

Awo kafin harbi

Da can a Warhammer 40,000 haramun ne a auna kafin a ayyana wanda za a harba. Ido ake sawa a kintata, mai igwa ma sai ya faɗi incin da bakinsa tukuna a miƙa tef, wanda hakan ya sa kafintoci da magina suka yi suna wajen iya wasa, in ji masu barkwanci. Bugu na 6 na Warhammer 40,000 ya halatta awo a kowane lokaci a 2012. Har yanzu akwai masu ganin an rage wa wasan armashi, akwai masu cewa an rage rigima.

Sauran hanyoyi

Wasan X-Wing na jiragen yaƙin sararin samaniya, wanda ya fito a 2012, ya zo da rularsa mai zango uku. Wasan BattleTech kuwa ya riƙe allo mai gidaje masu kusurwa shida.