Sashe na 81: yadda dokar wa'adi a Rasha ta ba Putin damar zama har 2036

Duk wanda ya ji an ce Vladimir Putin zai iya ci gaba da mulkin Rasha har shekarar 2036, yakan ɗauka ƙasar ba ta da dokar ƙayyade wa'adi. Tana da ita, kuma tana nan a sashe na 81 na kundin tsarin mulkinta. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda aka rubuta sashen tun farko, da abin da aka yi masa a 2020.

An amince da kundin ne a ƙuri'ar raba gardama ranar 12 ga Disamba 1993, wata biyu bayan shugaban ƙasar na lokacin, Boris Yeltsin, ya sa tankokin yaƙi sun yi luguden wuta kan ginin majalisar dokoki a Mosko. Kundi ne da aka rubuta lokacin da shugaba ya riga ya yi galaba, shi ya sa ya tara wa shugaban ƙasa iko mai yawa. Takunkumin da aka sa masa shi ne cewa mutum ɗaya ba zai riƙe kujerar fiye da wa'adi biyu "a jere" ba. Da Rashanci kalma ɗaya ce, podryad. Wa'adin kuwa shekara huɗu ne a lokacin.

Wannan kalma ita ce ƙofar farko. Dokar ba ta ce wa'adi biyu a rayuwa ba, ta ce biyu a jere. Ke nan idan mutum ya yi biyu, ya koma gefe wani ya ɗana, to lissafi ya koma sabo. Haka aka yi. Putin ya ci zaɓe a 2000 da 2004. A 2008 Dmitry Medvedev ya hau kujerar, Putin ya zama firaministansa. Kafin shekarar ta ƙare aka gyara kundin, aka mayar da wa'adin shugaba shekara shida, sai dai gyaran bai shafi wa'adin da Medvedev ke kai ba, ya jira mai zuwa. A watan Satumba 2011 mutanen biyu suka sanar cewa za su yi musanyar kujeru. Putin ya dawo a 2012, ya sake ci a 2018. Bisa harafin doka, 2024 ne ƙarshen hanya.

Ranar 15 ga Janairu 2020 Putin ya gabatar wa majalisa shirin gyara kundin. A ranar gwamnatin Medvedev ta yi murabus, washegari Mikhail Mishustin ya zama firaminista. Cikin gyare-gyaren har da share kalmar "a jere", wanda a zahiri tsaurara doka ne, domin daga nan wa'adi biyu ne kacal ko a jere ko a rarrabe. Mutane da dama suka ɗauka Putin na shirin sauka ne ya rufe ƙofar da ya bi.

Sai ranar 10 ga Maris. A zauren majalisar wakilai da ake kira Duma, Valentina Tereshkova ta miƙe. Ita ce mace ta farko da ta je sararin samaniya, a 1963, kuma 'yar majalisa ce a jam'iyya mai mulki, mai daraja a idon Rashawa manya da yara. Ta ba da shawarar ko dai a cire iyakar wa'adi gaba ɗaya, ko kuma a daina ƙirga wa'adojin da shugaba mai ci ya riga ya yi. Aka ɗage zaman, Putin ya zo zauren da kansa, ya ƙi shawara ta farko, ya ce ta biyun zai karɓa idan Kotun Tsarin Mulki ta ce ba ta saɓa doka ba kuma jama'a suka yarda. Rashawa suka laƙaba wa abin suna obnulenie, wato mayar da lissafi sifili.

Ga abin da sabon sakin layin da aka ƙara a sashe na 81 yake nufi a sauƙaƙe: iyakar wa'adi biyu tana aiki kan wanda ya taɓa riƙe shugabanci ko yake riƙe da shi a ranar da gyaran ya fara aiki, amma ba tare da ƙirga wa'adojin da ya yi kafin ranar ba. Ba a ambaci sunan kowa ba. Mutum biyu kawai ke raye da wannan bayani ya dace da su, Putin da Medvedev.

Hanyar da aka bi wajen tabbatar da gyaran ita ce ta fi damuna. Kundin Rasha ya kasa kansa gida biyu. Babi na 1 da na 2 da na 9, masu magana kan ginshiƙan ƙasa da haƙƙin ɗan'adam da tsarin gyara kundin, majalisa ba ta da ikon taɓa su, sai an kira babban taron tsarin mulki na musamman. Babi na 3 zuwa na 8 kuwa ana iya gyara su da kashi biyu cikin uku na Duma, da kashi uku cikin huɗu na majalisar dattawa, da amincewar majalisun kashi biyu cikin uku na yankuna. Sashe na 81 yana babi na 4, don haka hanyar majalisa ta isa. Cikin 'yan kwanaki duk aka kammala. Duma ta amince ranar 11 ga Maris ba wanda ya jefa ƙuri'ar ƙi, 'yan gurguzu suka ƙaurace, kotu kuma ta sa albarka ranar 16 ga watan.

Ƙuri'ar jama'a da ta biyo baya ƙari ce da aka ƙirƙiro don wannan aiki kaɗai, ba ta ƙarƙashin dokar raba gardama ta ƙasar da sharuɗanta. An sa ta 22 ga Afrilu, annobar korona ta sa aka ɗage, aka yi ta tsawon mako guda daga 25 ga Yuni zuwa 1 ga Yuli. Hotuna sun yi ta yawo na akwatunan zaɓe a kan bencin tsakar gidajen bene da cikin but ɗin mota, da sunan gudun cunkoso.

Takardar ƙuri'ar kuma tambaya ɗaya ce, e ko a'a, a kan gyare-gyare kusan 200. A cikin ƙunshin akwai alƙawarin riƙa ƙara kuɗin fansho daidai da tsadar rayuwa, da cewa mafi ƙarancin albashi ba zai gaza abin da mutum ke buƙata don ya rayu ba, da ambaton Allah a kundin, da bayyana aure a matsayin haɗuwar namiji da mace, da haramta sallama wani yanki na ƙasar ga wata ƙasa, da fifita kundin Rasha kan hukuncin hukumomin ƙasa da ƙasa. Tsohuwar da ke son a kare mata fanshonta ba ta da hanyar cewa e ga fansho, a'a ga ƙarin wa'adi. A ganina nan ne aka tauye mai zaɓe, ko da a ce kowace ƙuri'a an ƙirga ta daidai. Hukumar zaɓe ta ce kusan kashi 78 cikin ɗari sun amince, kuma kusan kashi 68 sun fito. Ƙungiyar sa ido ta Golos ta yi watsi da sahihancin ƙuri'ar. Yankin Nenets da ke can arewa mai ƙanƙara shi kaɗai ne mafi yawan mutanensa suka ce a'a.

Mu da muka san kalmar tazarce tun zamanin Abacha, muka ga majalisar dattawan Najeriya ta kashe batun wa'adi na uku a 2006, muka ga Tandja ya yi tasa ƙuri'ar a Nijar a 2009 sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010, ba baƙin wannan magana ba ne. Bambancin na Rasha shi ne ba a soke iyakar ba, an bar ta a rubuce, har ma an ƙara mata ƙarfi, aka tsame mutum biyu daga tarihinsu.

Gyaran ya fara aiki ranar 4 ga Yuli 2020. Putin ya tsaya zaɓen Maris 2024, aka ce ya samu sama da kashi 87 cikin ɗari, kuma a idon doka wannan ne wa'adinsa na farko, zai ƙare a 2030. Idan ya sake tsayawa ya ci, na biyun zai kai shi 2036, yana da shekara 83. Wanda zai gaje shi kuwa wa'adi biyu kawai zai samu a rayuwarsa, kuma dole ya kasance ya zauna a Rasha aƙalla shekara 25, bai taɓa riƙe fasfon wata ƙasa ko takardar izinin zama a cikinta ba.