Na'urar sanyaya firosesa a kwamfutar wasanni

Na'urar sanyaya firosesa ita ce abin da ake ɗaurawa a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, don ta janye zafin da yake fitarwa. Wasu firosesa suna zuwa da tasu a cikin kwali, kamar jerin Wraith na kamfanin AMD. Wasu kuwa haka suke zuwa ba komai, musamman na Intel masu harafin K a ƙarshen suna tun daga 2015, dole mai haɗa kwamfuta ya sayi ta wani kamfani daban. Idan zafi ya kai iyakar da aka ɗiba wa firosesa, wato digiri 100 a yawancin na Intel, digiri 95 a yawancin Ryzen 7000 na AMD, sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace, wasan kuma ya fara sarƙewa.

Iri biyu ne a kasuwa: mai iska da mai ruwa. Mai iska tana da faranti da ke zama a kan firosesa, da bututan jan ƙarfe da suka ratsa cikin siraran fallayen alminiyam, sai fanka. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe bayan an zuƙe iskar ciki, shi ya sa ɗan zafi kaɗan ke mayar da shi tururi. Tururin ya haura sama, ya saki zafinsa a fallayen, ya koma ruwa, ya gangaro ta jikin bangon bututun. Babu abin da ke motsi a cikinta sai fanka, kuma idan fankar ta mutu sauyawa ake yi. Sanannu a wannan rukuni sun haɗa da Hyper 212 ta Cooler Master, da NH-D15 ta Noctua, kamfanin Ostiriya, wadda ta fito a 2014, da Peerless Assassin 120 ta Thermalright, wadda ta yi suna saboda aikinta ya kusa kamo na manya alhali kuɗinta bai kai rabin nasu ba.

Mai ruwa tsarinta irin na lagireton mota ne: famfo yana tura ruwa ta tiyo zuwa lagireto mai tsawon milimita 240 ko 280 ko 360, fankoki su busa zafin waje. Tana ɗaukar zafi mai yawa, tana kuma barin fili a tsakiyar akwatin kwamfuta. Sai dai famfon yana iya mutuwa, ruwan ma yana raguwa a hankali cikin shekaru. Wajen ɗaurawa ba a barin famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, domin nan iska za ta taru, famfon ya riƙa yin ƙara yana saurin lalacewa.

Tambaya ta farko wajen zaɓe ita ce yawan wutar da firosesa yake ci, domin kusan duk wutar zafi take komawa. Adadin TDP, wato ƙiyasin zafin firosesa a wat da ake rubutawa, ba shi ne ƙarshe ba. Core i9-13900K na Intel an rubuta masa wat 125, amma yana kaiwa 253 idan an matsa masa. Irin wannan yana son lagireto mai 360. To amma wasa ba kasafai yake sa duk sassan firosesa aiki lokaci guda ba, katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasan, ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Ryzen 7 7800X3D, wanda masu wasa suke so ƙwarai, a lokacin wasa yana cin ƙasa da wat 120 ɗin da aka rubuta masa, mai iska mai hasumiya biyu, wato jerin fallaye biyu, ta ishe shi. Ga mafi yawan masu wasa, rarar kuɗin ta fi amfani a kan katin hoto.

Sai batun dacewa, inda aka fi yin asara. Soket, wato mazaunin firosesa, na LGA1700 da Intel ya fitar a 2021 ya sauya tazarar ramukan ɗauri, tsofaffin na'urori sai da sabbin ƙarafan ɗauri. Soket ɗin AM5 na AMD na 2022 kuwa yana karɓar yawancin na'urorin da aka yi wa AM4 da ya gabace shi. Tsayi ma abin dubawa ne: NH-D15 milimita 165 ce, ba kowane akwati ne zai rufu a kanta ba, kuma fankarta ta gaba takan tokare dogayen sandunan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta.

Babu wata na'ura daga cikinsu da ke sanyaya firosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa galibi a ɗaki mai digiri 20 da ɗoriya ake yinsu, alhali a Kano ko Yamai zafin Afrilu yana haura 40. Mai ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ya kamata ya ɗauki wadda ta ɗan fi ƙarfin bukatarsa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fallaye da lagireto, sai an riƙa hure su lokaci-lokaci.

Tsakanin firosesa da faranti ana shafa man isar da zafi, kamar ƙwayar wake ɗaya, don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Sabuwar na'ura takan zo da leda manne a ƙasan farantin, a ɓare ta kafin a ɗaura.