Karatun Aikin Hoton Sikanin a Kwaleji

Mai ɗaukar hoton sikanin, wanda ake kira sonogirafa, ma'aikacin lafiya ne da ke amfani da wani sauti da kunne ba ya iya ji domin ganin abin da ke cikin jikin mutum: hanta, ƙoda, saifa, zuciya, jijiyoyin jini da jaririn da ke cikin mahaifa. A Amurka, inda aikin ke da karatunsa na musamman a kwalejoji, ba shi ke gaya wa majinyaci cutarsa ba. Nasa shi ne ya ɗauki hotuna da awo, ya rubuta bayanin farko, likita ya duba ya yanke hukunci. Sai dai likitan ba zai ga komai ba face abin da aka ɗauko masa. In mai hoton ya wuce wani ƙari da ya tsiro a cikin jiki bai tsaya a kai ba, to ƙarin ba zai shiga fayil ba. Wannan nauyi ne ya sa karatun yake da tsanani fiye da yadda mutane ke zato.

Asalin fannin

A 1880 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa wasu duwatsu na fitar da lantarki in an matsa su. A kan wannan ne aka gina kan na'urar da ake goga wa majinyaci: lantarki ya sa ta girgiza ta aika sauti, amsa-kuwwar ta dawo ta koma lantarki. A 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz suka duba motsin zuciya da sauti a garin Lund na ƙasar Siwidin, a 1958 kuma Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo suka wallafa binciken da ya buɗe ƙofar duba ciki da mahaifa.

Hanyoyin shiga

Hanyar da aka fi bi a Amurka ita ce ƙaramin digiri na shekara 2. Akwai cikakken digiri na shekara 4, akwai kuma takardar shaida ta wata 12 zuwa 18, wadda galibi ta waɗanda suka riga suka yi wani aikin asibiti ce. Kafin a karɓi ɗalibi yawanci sai ya ci darussan tsarin jikin mutum, lissafi, fiziks da kalmomin likitanci. Gurabe ba su da yawa, domin kowane ɗalibi sai an sama masa asibitin da zai yi horo. Hukumar CAAHEP ce ke tantance kwasa-kwasan, kuma duk mai hankali zai duba wannan tun kafin ya biya kuɗin makaranta, saboda kammala kwas ɗin da aka tantance shi ne hanya mafi sauƙi ta samun damar zama jarrabawar ƙwarewa.

Abin da ake koyo

Darasin da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne fiziks na sauti. Kunnen mutum ba ya jin sautin da girgizarsa ta haura 20,000 a daƙiƙa, na'urar asibiti kuwa tana aiki ne tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 18 ko kusa da haka. Tana ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 1,540 a daƙiƙa cikin tsoka, sai ta lissafa zurfin abu daga lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. Girgiza mai yawa tana ba da hoto tangaran amma ba ta nisa, mai ƙaranci tana shiga can ciki amma hoton ya yi dishi-dishi. Don haka kan da za a duba maƙogwaro da shi daban, na hantar mutum mai jiki daban.

Daga nan ɗalibi ke gane dalilin abubuwan da majinyaci ke ɗauka tsirfa ce. Ana shafa jel ne saboda iskar da ke tsakanin fata da na'ura tana mayar da sautin baya kusan gaba ɗaya. Ana hana cin abinci na wasu sa'o'i kafin a duba matsarmama domin kada ta tsuke, a kuma rage iskar hanji. Ana cewa a sha ruwa a riƙe fitsari ne don cikakkiyar mafitsara ta zama taga zuwa mahaifa. A allo ruwa baƙi yake fitowa, tsakuwar ƙoda ko ta matsarmama kuwa fara fat, da inuwa a bayanta. Wani lokaci na'urar kan nuna abin da babu shi, kamar ta ninka siffar wani abu a bayan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma rarrabe irin wannan ruɗu da ciwo na gaskiya yana cikin manyan abubuwan da ake jarraba ɗalibi a kai. Haka kuma ana koyar da awon Dopla, mai sunan Christian Doppler da ya bayyana ƙa'idarsa a 1842, wanda da shi ake gane saurin jini da inda ya dosa.

Horon hannu

Karatu a aji ba ya mayar da mutum mai hoto. Ɗalibai kan fara da duba junansu a ɗakin gwaji na kwaleji, sannan a tura su asibiti su shafe watanni ƙarƙashin ƙwararru. Hannu ɗaya na kan majinyaci, ɗaya na kan maɓallai, ido na kan allo, kuma karkata kan na'urar kaɗan ya isa ya ɓoye ƙoda ko ya fito da ita. Duban jaririn da ke cikin mahaifa a mako na 18 zuwa 22 ya fi kowanne neman haƙuri: a auna kai, ciki da ƙashin cinya, a bi kashin baya, a ga ɗakunan zuciya huɗu, alhali jaririn na ta juyi. A nan ne kuma ɗalibi ke koyon riƙe fuskarsa idan ya ga abin da ba daɗi, ga uwa tana kallonsa tana tambaya, shi kuwa ba huruminsa ba ne ya faɗa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Shaidar ƙwarewa

Hukumar ARDMS, wadda aka kafa a 1975, tana ba da shaida bayan jarrabawa biyu: ta SPI kan fiziks da na'ura, da ta fannin da mutum ya zaɓa, kamar ciki, mata da haihuwa, nono ko yara. Masu duban zuciya da na jijiyoyin jini suna da nasu shaidun. Jihohi ƙalilan ne, irin su Oregon da New Mexico, ke neman lasisi, amma yawancin asibitoci ba sa ɗaukar wanda ba shi da shaida. A Birtaniya tsarin ya sha bamban: galibi masu hoton ƙashi da ungozomomi ne ke ƙaro karatun sikanin bayan digiri, kuma sau da yawa su ke rubuta rahoton da kansu.

Ciwon kafaɗa, wuya da wuyan hannu ya zama ruwan dare a aikin, saboda miƙa hannu da danna na'ura na tsawon yini. Shi ya sa tun a kwaleji ake koya wa ɗalibi ya matso da majinyaci kusa da shi, ya daidaita tsayin gado da kujera, ya bar gwiwar hannunsa kusa da jikinsa.